Waƙar baka ko rubutacciya: da wacce za a fara wa yara a gida?

Malama, kin ce a gida kike koyar da yaranki a ƙauyenku na wajen Kafin Hausa, babban yana da shekara 14, ƙaramar 11, kina tambaya da wacce za ki fara musu nazarin waƙa, ta baka ko rubutacciya. Ni dai da ta baka zan fara, amma ba zan daɗe a kanta ba, don feɗe waƙa na sosai a rubutacciya ake koyonsa.

Ta baka ba sai kin saya ba, tana cikin gidanku: ta daka, ta niƙa, ta reno, ta gaɗa a dandali, da ta tashe idan azumi ya kai goma. Yaro ya riga ya san akwai mai bayarwa akwai masu amshi. Naki kawai ki sa wa abin suna, ki ce layin da ake ta komawa kansa shi ne gindin waƙa, abin da jagora ke ɗorawa kuma ɗiyanta ne. Ki tura su wajen kakarsu da biro da takarda, ta rera musu waƙar niƙa guda su rubuta. Bayan kwana biyu su koma ta sake rera ita ɗin dai. Za su dawo suna gardama, wai Iya ta canza, ta sako sunan wani ta cire na wani. To darasin ke nan, waƙar baka ba ta zama wuri ɗaya, gindin ne kaɗai ba ya motsi.

Matsalarta tana wajen makaɗa da za ki kunna a waya. Da kalangu ya tashi hankalin yaro ya tafi ga rawa. Waƙoƙin fada irin na Narambaɗa da Ɗanƙwairo kuwa, duk zurfinsu, Hausar ƙasar Sakkwato da Zamfara ce, ɗan Jigawa sai an yi masa fashin baƙi. Kuma ki riƙa saurara ke kaɗai tukuna, don zambo da batsa kan faɗo inda ba ki zata ba.

Rubutacciya ita tana tsayawa a duba ta. Ki kwafi baiti biyu na waƙa 'yar ƙwar biyar, wato mai ɗango (layi) biyar a kowane baiti, a allo, ki ba yaro alli ya ja layi a ƙarƙashin gaɓar ƙarshe ta kowane ɗango. Da kansa zai ga ɗango huɗu na farko sun ƙare da sauti ɗaya, a baiti na gaba sautin ya sauya, amma na biyar yana nan daram har ƙarshen waƙa. Na farkon ƙaramin amsa-amo, na biyun babba. In suna jin Ishiriniya lokacin Mauludi, kunnensu ya san wannan tsari tun kafin su san sunansa. Daga nan sai tambayoyin da ake bi a makarantu, waɗanda Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero ya tsara hanyarsu: mene ne jigo, yaya zubi da tsari, wane salo mawaƙin ya yi. Salo shi ya fi daɗin koyarwa. Ki ce su nemo inda aka kamanta abu da wani, da inda aka sa iska ko ƙasa ta yi abin da mutum ke yi.

Ga ɗan ƙauye, Waƙar Damina ta Na'ibi Sulaiman Wali ta fi sauƙin shiga, don abin da yake gani ne a gona. Sai Mu'azu Haɗeja, ɗan ƙasarku, wanda ya rasu a 1958. Ki ɗauki tasa ta ilimin zamani, ki bar ta giya da ta karuwa sai sun ƙara girma.

Rubutacciyar ma tana da nata cikas. Kalmomin Larabci sun yi yawa a tsofaffin waƙoƙi, kuma rubutun boko ba ya nuna dogon wasali, shi ya sa in yaro ya karanta baiti kamar wasiƙa sai karin ya mutu. Dole a rera. Dama don rerawa aka rubuta su: Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, mata malamai da ake kira jaji take koya wa waƙoƙinta su kai wa matan ƙauyuka da baki. Sunayen baharai, wato ma'aunan karin waƙa, irin su Kamil da Wafir ki ajiye su tukuna, tafi ya ishe su gane gaɓa mai nauyi da mara nauyi.

Littattafan kan yi wuyar samu a karkara. Ki roƙi malamin Hausa na ƙaramar sakandaren da ke kusa da ku ya ɗaukar miki hoton shafi uku ko huɗu a waya, yara su kwafe da hannunsu.