Kantin kwamfutocin hannu na bayan Babbar Kasuwa: injinansa sun fi littattafansa

A cikin kantunan da ke sayar da kwamfutocin hannu a kewayen Babbar Kasuwar Yamai akwai wani ƙarami mai ƙofa ɗaya, wanda ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni da masu aikin rubuta manhaja suke yawan nuna wa juna. Ba don araha ba, domin farashinsa bai bambanta da na maƙwabtansa ba. Abin da ya raba shi da su shi ne wani tebur da ke kusa da ƙofa, da kujera da wurin jona caja, inda mai saye zai zauna ya gwada injin iya son ransa kafin a fara maganar kuɗi. A kasuwar da aka saba kunna wa mutum kwamfuta ya ga hasken allo, a kashe, a miƙa masa ita cikin leda, wannan tebur shi kaɗai ya isa a yi rubutu a kansa.

Yawancin kayan sun fito ne daga ofisoshin Turai, irin waɗanda kamfanoni ke sallamawa bayan sun yi ƴan shekaru ana mora: Dell Latitude, HP EliteBook, Lenovo ThinkPad. Ni ThinkPad T480 na ɗauka, samfurin 2018, saboda tana da batir biyu, ɗaya a ciki, ɗaya kuma a waje wanda ake iya cirewa a sa wani ba tare da an kashe injin ba. Duk wanda ya taɓa kasancewa tsakiyar aiki a watan Afrilu ko Mayu aka ɗauke wuta ya san darajar wannan. Tana kuma da ramuka biyu na RAM, wato ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta, da ba a liƙe su da allon ciki ba, don haka mutum zai iya farawa da giga 8 ya ƙara idan aljihu ya warware.

Sai dai sunan samfuri ba ya isarwa. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuwa tana neman na'urar tsaro ta TPM 2.0 da masarrafin Intel na ƙarni na takwas zuwa sama. A cikin T480 ɗin kanta akwai masu ɗauke da i5-8250U mai cibiya huɗu, akwai kuma masu i5-7300U na ƙarni na bakwai mai cibiya biyu, alhali daga waje kamarsu ɗaya, takardar da ke manne a jikinsu ma "Core i5" take cewa. Mai kantin bai ɓoye wannan bambanci ba, amma kuma ba ya fara faɗa sai an tambaya. Da na tambaye shi, sai ya ce, "Malam, duba lambar farko bayan i5, idan takwas ce ka ɗauka, idan bakwai ce sai mu rage kuɗin." Wannan amsa ta yi mini, ko da yake zan fi so a rubuta lambar a jikin kowace kwamfuta saboda ɗalibin da bai san abin da zai tambaya ba.

A kan teburin nan ne ake gane gaskiyar batir. Idan aka rubuta umarnin powercfg /batteryreport, Windows za ta fitar da rahoton da ke nuna ƙarfin da batirin ya zo da shi daga masana'anta da wanda ya rage masa yanzu, kuma babu wanda ya ɓata rai da na yi hakan a kan injina da dama. Batirin litiyam ba ya shiri da zafi, garin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40 kuwa ba ya raga wa wanda dama ya zo a gajiye. Yaron da ke gyara a can ciki ya buɗe bayan injin a gabana, ya zaro daga bakin fankar wata ƙura da ta dunƙule ta yi kauri kamar audugar katifa, ya goge busasshen man da ke kan masarrafin ya shafa sabo, sa'an nan ya shiga BIOS, wato saitin tushe na injin, ya nuna mini cewa ba a kulle ta da kalmar sirrin tsohon kamfanin ba. Ya ce, "Yaya, bayan hunturu ka dawo da ita mu sake busawa." Bai karɓi ko dala a kan wannan aiki ba.

Inda na fi daɗewa ina shawara shi ne madannai. Kayan da suka fito daga Faransa jerin AZERTY gare su, wanda muka saba da shi tun daga makaranta, kuma ga mai rubuta wasiƙun ofis cikin Faransanci babu kamarsa, tunda é da è da ç duk a fili suke. Ga mai rubuta manhaja kuwa labarin ya sha bamban. Alamomin { da [ da \ da # duk sai an danne AltGr, lambobin layin sama sai an haɗa da Shift, kuma waɗannan su ne mutum ke bugawa daga safe har dare; a jerin QWERTY na Amurka, [ da ] bugu ɗaya ne. Haruffanmu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, ba a zana su a kan ko ɗaya daga cikin jerin biyu ba, duk da cewa a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, amma Windows na da tsarin madannan Hausa da ake ƙarawa, kuma a kan QWERTY aka gina shi. Kantin yana da masu jerin QWERTY kaɗan, suna kuma saurin ƙarewa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne liƙa ƴan takardun haruffa a kan madannai domin a mayar da wani jeri wani, domin gumin yatsa yana ɗaye su tun kafin damina.

Kantar littattafan da ke bango ita ce raunin wurin. Akwai tsofaffin littattafan lissafi da na kimiyyar lantarki masu kyau, dokar Ohm kuwa tun 1827 take nan yadda take, saboda haka tsufan takarda bai rage musu komai ba, ga su da sauƙin kuɗi. Littattafan koyon manhaja su ne matsala. Wanda na buɗe na Python, wani harshen rubuta manhaja, har yanzu print "sannu" yake koyarwa ba tare da alamar baka ( ) ba, wato Python 2, wadda aka daina kula da ita tun 1 ga Janairun 2020. Mai koyo zai kwafi layin farko, injin ya ƙi karɓa, ya ɗauka kansa ne ba ya ja. Na gaya wa Alhaji mai kantin haka, ya yi dariya ya ce ai shi da kilo aka sayar masa da su. Abin da ya fi kantar amfani shi ne Kiwix da suke zuba wa wanda ya nema, manhajar da ke ba da damar karanta Wikipedia ba tare da intanet ba, har da ta Hausa.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a yi hattara da su. Windows ɗin da suke sakawa tana zuwa da tarkacen manhajojin da ba a san asalinsu ba, shi ya sa da na isa gida na share rumbun gaba ɗaya na sa Ubuntu, wani tsarin da ke maye gurbin Windows. Wanda zai ci gaba da Windows ya sake sauko da ita daga tushe. Na biyu shi ne garanti, wanda da baki ake bayarwa, rasit ɗin kuma sunan samfuri da kuɗi kawai yake ɗauke da su. Sai da na nace kafin aka rubuta lambar jikin injin da ranar da garantin zai ƙare, aka buga hatimi. Cajar da aka fara haɗa ni da ita ma ba ta asali ba ce, tana zafi tun ba a je ko'ina ba, amma da na mayar aka canza mini da ta asali mai wat 65, na cika jika biyar.