Wace Hanyar Finominoloji Ce Ta Dace da Bincikenka?

Ɗalibi yakan rubuta cewa zai yi bincikensa da finominoloji, ya ɗauka ya gama zaɓi. Sai malamin da ke duba aikin ya ce, "Wacce daga ciki?" Nan ido ke raina fata. Finominoloji dai bincike ne kan yadda mutum ya ɗanɗana abin da ya same shi, kamar jinyar uwa mai ciwon mantuwa ko rasa aiki bayan shekara ashirin. Sai dai hanyoyinta sun rarrabu, kuma kowace da irin lokaci da ƙarfin da za ta ci maka.

Asalin rarrabuwar tsohuwar jayayya ce. Edmund Husserl, masanin falsafar nan na Jamus da ya rasu a 1938, yana ganin mai bincike zai iya jingine zatonsa gefe guda, ya kalli abu yadda ya bayyana ga mai shi. Martin Heidegger, wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa, ya fito a 1927 da ra'ayin cewa ɗan Adam ba ya rabuwa da fassara, domin da harshensa da tarihinsa yake kallon komai. Ka san ɓangaren da ka tsaya, don ranar kare aiki daga nan za a fara matsa ka.

In ka bi Husserl, manyan hanyoyi biyu ne a gabanka. Ta Amedeo Giorgi, wadda ta samo tushe a Jami'ar Duquesne ta Amurka, tana da tsauri. Za ka karanta hirar gaba ɗaya, ka yanka ta gaɓa-gaɓa a duk inda ma'ana ta sauya, ka sake faɗar kowace gaɓa da harshen fanninka, sannan ka fitar da ƙashin bayan al'amarin, wato abin da in babu shi, al'amarin ya tashi daga sunansa. Giorgi ya nemi a sami mutum uku aƙalla. Ta Paul Colaizzi kuwa, ta 1978, matakai bakwai ce a jere, shi ya sa ta karɓu sosai wajen masu binciken aikin jinya. Matakinta na ƙarshe shi ne komawa wurin waɗanda ka yi hira da su, su duba sakamakon. Giorgi bai yarda da wannan ba. Ni ma ina ganin a yi hattara, don mutum kan ce "haka ne" saboda kunya ko gajiya. Kuma in mutanenka marasa lafiya ne ko masu wuyar samu, kada ka ɗauki hanyar da ta wajabta maka zama na biyu da su.

A ɓangaren fassara, wato na Heidegger, wadda ta fi sauƙin kamawa ga sabon hannu ita ce IPA (Interpretative Phenomenological Analysis, wato nazarin finominoloji ta hanyar fassara), da Jonathan Smith ya gabatar a Birtaniya a 1996. Ita ba ta gaggawar neman abin da ya haɗa kowa. Mutum ɗaya za ka tsefe har ƙarshe kafin ka taɓa na biyu. Fassarar ma hawa biyu ce: shi yana ƙoƙarin fahimtar abin da ya same shi, kai kuma kana ƙoƙarin fahimtar fahimtarsa. Tana son mutane kaɗan masu kama da juna, uku zuwa shida sun ishi ɗalibi. Ƙarancin nan yakan ruɗi mutane su zaci aikin banza ne, alhali hirar awa ɗaya kan ci sa'o'i da dama wajen rubutawa kalma bayan kalma, kafin ma a fara sharhin layi-layi. Aibinta shi ne, a hannun malalaci takan koma jerin jigogi kawai, ba fassara ko kaɗan.

Hanyar Max van Manen, wanda ya koyar a Jami'ar Alberta ta Kanada, ita ce mafi daɗin karantawa kuma mafi haɗari. Ba ta da matakan da za ka bi kamar tsani. Rubutu da sake rubutu su ne binciken, kana duba yadda mutum ya ji jikinsa, da wurin da yake, da tafiyar lokaci, da zamansa da mutane. Mai jiran sakamakon asibiti, alal misali, mintinsa ba irin na agogo ba ne. In alƙalaminka na da kaifi kuma malaminka ya san hanyar, ɗauke ta. In wata shida gare ka kuma kwamitin na son ganin tebur da matakai, bar ta.

Manhajojin nazarin hira irin su NVivo, ATLAS.ti da MAXQDA na kuɗi ne, Taguette da QualCoder kuma kyauta. Dukansu adanawa da tsarawa suke yi, tunanin naka ne. Mai hira shida zai iya gama aikinsa da takarda da alƙalami masu launi, ya kai kuɗin wajen rikoda mai ɗaukar murya tas.