Wayar dish ko RG-58: wacce za a ja zuwa eriya?

Malam, ka tambaya ko ragowar wayar dish ɗinka za ta iya jona oba-oba da eriyar da ka kafa a saman rufi. Za ta yi aiki, amma akwai sharaɗi.

Wayar dish, wato RG-6, ohm 75 ce (ohm a nan ma'auni ne na turjiyar da sigina ke tararwa a cikin waya), haka ma RG-59 ta kyamarar tsaro. RG-58 da RG-213 kuwa ohm 50 ne, kuma da su aka tsara oba-oba da sauran na'urorin watsa sigina. Ba haka kawai aka zaɓi lambobin ba. A wayar da iska ce tsakanin zaren tsakiya da ragar waje, wajen ohm 30 ta fi ɗaukar wuta mai ƙarfi, wajen ohm 77 kuma ta fi rage asarar sigina. Masu karɓa kawai, kamar talabijin da dikoda, suka tsaya a 75. Masu turawa suka raba gardama a 50. Kada ka ɗora mita kana neman wannan lamba, ba za ta nuna ba, domin kaurin zaren, faɗin ragar da irin farar robar da ke tsakaninsu ne ke kawo ta.

Inda 50 ta haɗu da 75, kashi 4 cikin ɗari na ƙarfin ne ke dawowa baya, a ma'aunin wannan dawowa, wato SWR, 1.5 ke nan. Wannan bai kai a tada hankali ba. Sai dai in eriyarka ta 50 ce, gwargwadon tsawon wayar SWR na iya hawa har 2.25 a bakin rediyo, a nan wasu na'urori ke rage wa kansu ƙarfi. Ga kuma ragar RG-6, galibi alminiyam ce, ba ta kama solda, sai an matse kan mahaɗin wayar da filaya.

In sauraro kawai za ka yi, ja RG-6, ta ma fi RG-58 riƙe sigina a nesa. In turawa ce kullum, ni dai zan sayi ta 50 in huta.

Abin da ya fi ɓarna shi ne bakin waya da aka bari a buɗe. Sigina na isa ƙarshe ya dawo gaba ɗaya kamar amsa-kuwwa, irin abin da ke sa hoto ya fito biyu-biyu a tsohon talabijin. Duk ramin sifilita (na'urar raba sigina zuwa wayoyi da yawa) da ba a jona komai ba, a toshe shi da marufi mai resista ohm 75.