Turnabis shida a jika ɗaya da rabi, da ɓarnar da suka yi mini a rumfa

Shekara goma sha huɗu ke nan ina gyaran fanka, dutsen guga, rediyo da sauran ƙananan kayan wuta a rumfata da ke Sabon Gari, nan cikin Maradi. A kayan aikina kaf babu wanda ya san tafin hannuna kamar turnabis, wanda ƴan'uwanmu na Katsina da Kano ke ce wa sukudireba. Da shi ake buɗe aiki, da shi ake rufewa. Shi ya sa abin da ya haɗa ni da wani saiti da na saya a farkon bazarar nan ya tsaya mini a rai, har na ga gara in rubuta, ko wani ya tsira da kuɗinsa da kayan mutane.

Yara biyu na ɗauka koyon aiki, kuma kowa ya san daga watan Maris, in zafi ya kankama, fanka takan cika rumfa har a rasa wurin sa ƙafa. Turnabis mai baki huɗu, wanda muke kira etuwal, na kirki guda ɗaya gare ni, maigidana ne ya ba ni ranar da ya sallame ni. Mutum uku kuwa ba sa aiki da turnabis ɗaya. Ran wata Litinin na shiga babbar kasuwa wajen masu kayan ƙarfe, na tarar da saitin rataye cikin kwali da leda: guda shida, uku masu faɗin baki, uku etuwal, ƙota ja da rawaya, ƙarfe sai ƙyalli yake. Na ce wa mai kantin, "Alhaji, waɗannan suna da ƙwari kuwa?" Ya ce, "Malam, dubi rubutun da ke jiki, ƙarfe ne na gaske." An buga Cr-V a jikin kowanne, alamar ƙarfen da aka haɗa da kurom da banadiyom, irin wanda ake ƙera kayan aiki masu kyau da shi. Na biya jika ɗaya da rabi, wato sefa 1500, na taho.

Masu faɗin bakin ba zan ɓata lokaci a kansu ba. Babban ya yi aiki gwargwado, ƙaramin kuma bakinsa ya murɗe a mako na biyu. Magana tana ga etuwal.

Kwana uku da sayen, wata Hajiya daga unguwar Zariya ta aiko da fankarta ta tsaye, tana gurnani ba ta juyawa. Aiki ne da aka saba: a buɗe mota, wato injin fankar, a wanke ƙurar hunturu da ta daskare da tsohon mai, a duba kwandansa, a sa sabon mai. Dogayen bis huɗu, wato ƙusoshi masu zare, ne ke riƙe da motar. Na ba babban yaron, na juya ga wani dutsen guga. Can sai na ji ya ce, "Maigida, wanga bis ya ƙiya." Da na karɓa na ɗora bakin turnabis ɗin a kan bis na biyu, tun kafin in murɗa hannuna ya gaya mini akwai matsala. Bakin ya shiga rami, amma bai zauna ba, yana rawa hagu da dama kamar haƙorin da ya kusa fita. Na danna da ƙarfin kafaɗa, na murɗa. Sai ƙarat, ya zame ya yi tsalle. Na busa wurin, wani farin garin ƙarfe ya tashi. Bis ɗin da yaron ya fara da shi kuwa ya riga ya gama lalacewa: inda gicciye yake ya koma rami zagayayye mai sheƙi, kamar cikin ɗan turmi. Na ɗaga turnabis ɗin ga haske, sai ga fukafukansa huɗu duk sun karkata gefe guda, fentin ƙyallin ya ɓare, ƙarfen ciki ya fito toka-toka.

Biyun da ba a taɓa ba, tsohon turnabis ɗina ya kwance su ba gardama. Tsatsar iri ɗaya ce, hannun ma ɗaya ne. Na biyun sai da na ɗiga masa kananzir, na bar shi ya jiƙa, na kafa tsohon a kai na ɗan bubbuga ƙotar da guduma, sannan ya motsa. Na farkon babu abin da ya rage da turnabis zai kama. Da a sarari yake da na tsaga kansa da zarto na kwance da mai faɗin baki, to yana cikin lungu, zarto ba ya isa. Dole na kai wa maƙwabcina ya huda kan da na'ura, na bi tarin matattun fankoki ina neman bis mai tsawonsa da zarensa. Aikin rabin awa ya kai mu la'asar. Sau biyu Hajiya tana aiko yaro, daga baya ta zo da kanta, ta ce, "Malam, ince dai lafiya? Da jikoki nake, jiya ba wanda ya runtsa." Ban ƙara mata ko dala ba, don ɓarnar daga rumfata ta fito. Amma kunyar da na ji a gaban matar nan ta fi kuɗin saitin sau nawa.

Da dare na zauna da fitila na jera sabon da tsohon, in ga ainihin inda bambancin yake. Abin da ya fara bayyana shi ne tsini. Tsohon bakinsa a ɗan dakushe yake, haka aka ƙera shi, don fukafukan su sami wurin zama. Sabon an fiƙe shi kamar tsinken tsire, saboda haka tsinin ke riga taɓa ƙasan ramin, ya tokare, fukafukan su tsaya a sama suna riƙe da leɓen gicciyen kawai. Duk ƙarfin da mutum ya sa, a ɗan wannan leɓen yake taruwa, shi kuwa ba ya ɗauka, sai ya gutsure. Fukafukan ma ba kaurinsu ɗaya ba, biyu sun fi biyu siranta, ido ma yana gani. Sannan na ɗauko magagari na goga a jikin kowanne. A kan tsohon magagari zamewa yake yi yana ƙara, da ƙyar ya bar alama. A kan sabon ya kama ya ci, kamar ana gogar ƙusa. Duk maƙerin da ke garin nan ya san ƙarfe ba ya tauri sai an gasa shi an tsoma a ruwa ko mai yadda ya kamata, a sake ɗumama shi kaɗan don kada ya yi saurin karyewa. Wannan ko dai bai sha wutar da ta dace ba, ko ƙarfen tun asali ba na aikin ba ne. Rubutun Cr-V kowa na iya buga shi a jikin ƙarfe.

Abin da ya sa bis mai gicciye ba ya yafe irin wannan sakaci yana cikin ƙirarsa. Wani Ba'amurke, Henry Phillips na birnin Portland, shi ya sayi dabarar daga hannun John Thompson ya inganta ta, har kamfanin General Motors ya fara amfani da ita a motar Cadillac a 1936. Amfaninta a masana'anta shi ne bakin na'ura yana faɗawa tsakiya da kansa, ba ya sulɓewa gefe ya karce fenti kamar mai tsaga ɗaya. Sai dai bangayen ramin a karkace suke, suna tsukewa zuwa ƙasa, saboda haka duk lokacin da ka murɗa, wani kaso na ƙarfin yana tura turnabis ɗin waje. In bakin ya cika ramin, ya manne da bango huɗu, dannawa kaɗan ta isa ta riƙe shi. In kuwa sako-sako ne, ko za ka hau kai da ƙirji sai ya fito, kuma kowace fita da ɗan naman bis take tafiya.

A nan dole in yi adalci, ba duk bis ɗin da aka cinye a Maradi ne laifin turnabis mai araha ba. Mu kanmu masu aikin muna kiran komai etuwal, alhali ba iri ɗaya ba ne. Na Phillips, mai alamar PH, akwai girma: PH0 na ƙananan kaya, PH1 na irin su rediyo, PH2 wanda ke ɗauke da yawancin aikin gida, sai PH3 na manya. Ka sa PH1 a ramin PH2, komai kyansa ɓarna zai yi. Akwai kuma Pozidriv, mai alamar PZ, wanda ya fito a shekarun 1960. Ana gane shi da wasu siraran layuka huɗu da aka zana tsakanin hannuwan gicciyen, bangayensa kuma a miƙe suke. Ya yi yawa a bis ɗin katako, hinjin kabad da kayan wutar da ke zuwa daga Turai, kafintoci suna haɗuwa da shi kullum. Maƙwabcina mai gyaran babur shi ya nuna mini na uku, na Japan, wanda ake kira JIS. Ya kira ni gaban wani babur, ya sa farce a kan murfin man birki, ya ce, "Ka ga ɗan ɗigon nan gefen gicciye? In ka gan shi, turnabis ɗinsa daban ne." Ya ce bis ɗin kaburata da na murfin birki da ake kawo masa a cinye, yawanci hakan ce ta same su.

To amma wannan ma wani laifin saitin ne, domin babu ko ɗaya daga cikin ukun da aka rubuta wa girma ko iri. Na gwada babban a bis ɗin PH2 sabo fil, ya yi rawa. Na gwada a PZ2, ya fi rawa. Na tsakiyan ya yi wa PH1 girma, ya yi wa PH2 kaɗan. An dai yi masu siffar gicciye ne don ido, ba a auna su da ramin kowane bis ba.

Akwai abu biyu da suka ruɗe ni a kanti, ina so mai saye ya lura. Bakin yana da maganaɗisu, in ka ɗora bis sai ya manne, ka ɗauka ya zauna ke nan. Manne daban, zama daban. Sai ƙotar nan ja da rawaya, launin da aka san turnabis ɗin masu aikin lantarki da shi. Na gaske ana lulluɓe sandarsa da roba har kusa da baki, a buga masa 1000 V da alamar alwatika biyu. Wannan launi kawai ya ara, sandar tsirara take. Wutar gidajenmu 220 ce, ta isa ta kashe mutum, ni kuwa yara ne a hannuna, iyayensu amana suka ba ni. Wannan ya fi cinye bis tayar mini da hankali.

Ran Juma'a na koma wajen Alhajin da saitin. Bai musa ba, ya dubi bakin ya girgiza kai, ya ce shi ma a katan yake saro su, kuma mutane su suke tambaya saboda kuɗin. Wani dattijo da ke zaune a benci ya ce, "Ai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa." Na ce, "Baba, rariya ana ganin hujinta. Wannan a matsayin ƙwarya aka ba ni." Alhajin ya buɗe wata durowa ya fito da wani guda ɗaya, ba kwali ba leda, an rubuta PH2 a ƙota, bakinsa baƙi ne ba a yi masa ruwan ƙyalli ba. Ya ce jika biyu da rabi. Wannan karon da bis na je a aljihu. Na cusa shi a bakin, na juya shi hagu da dama da yatsa, ko motsi. Na karkatar da turnabis ɗin, bis ya tsaya daram. Na riƙe sandar da filaya na murɗa ƙotar, ba ta juya a kanta ba. Sannan na biya, bayan mako biyu na koma na ɗauki PH1 irinsa.

Wata uku ke nan yaran suna aiki da su kullum, a kan fankokin da suka sha ƙura da tsatsa. Baƙin bakin ya ɗan koɗe a gefe, amma fukafukan suna nan a miƙe, har yanzu suna kama bis cif. Ban ƙara kai wa maƙwabcina hudar kan bis ba tun daga ranar Hajiya.

Ga wanda zai ɗaure hannun tukunya ko murfin batirin rediyo sau ɗaya a shekara, a bis sabo marar tsatsa, wataƙila saitin ya kai shi. Ga mai taɓa kayan mutane, ban yarda ba, ko kyauta aka ba shi. Ni dai na raba nawa da aikin bis gaba ɗaya. Babban mai faɗin baki muna kankare tsohon mai da shi, etuwal biyu na kai wa maƙeri ya fiƙe su sun zama abin huda roba, na ukun, wanda ya cinye bis ɗin Hajiya, na rataye shi a ƙusa sama da teburin aiki. Duk yaron da ya zo koyo, ranar farko nakan ba shi wannan da tsohon na maigidana da bis guda, in ce ya sa kowanne a ramin ya faɗa mini abin da yatsunsa suka ji. Dokar rumfar kuma yanzu ita ce in turnabis ya zame sau ɗaya, a dakata a kira ni kafin a sake murɗawa.