Na cire kwantak na sa wa babur ɗina akwatin lantarki mai ba fulogi wuta, ga yadda muka kwashe

Wata huɗu ke nan da na cire kwantak ɗin tsohon mashin ɗina, wato 'yan ƙarafan nan da ke buɗewa suna rufewa don fulogi ya samu wuta, na ɗaura masa a madadinsa irin ɗan akwatin lantarkin nan da ake saye daban, ba na kamfanin da ya ƙera babur ɗin ba. Gajiya na yi da goge kwantak da saita tazararsa, kullum mutum na fama da milimita 0.35 kamar mai awon zinari.

Satin farko kam sai hamdala, kik ɗaya ya tashi, sulo ya zauna daram. Daga nan fa aka shiga rigima, da na murɗa totur ya ɗan haura sai ya riƙa tari yana yankewa, in na saki kuma salansa ta hau tas tas kamar ana harbi, wata safiya ma kik ya dawo ya make ni a ƙwauri sai da na nemi wuri na zauna. Ni da wayona sai na ɗora wa kabreta laifi, na kwance ta har sau biyu na wanke, na canza fulogi, wallahi ko gezau, har na fara tsine wa akwatin a raina.

Wani dattijon bakanike ne ya fitar da ni. Bai ma taɓa injin ba ya ce "yaro, ka auna batir?" Na ce Baba ai hon yana yi. Dariya kawai ya yi ya ɗauko mita. Volt 12.1 ya nuna, alhali lafiyayyen batir da ya cika wajen 12.6 yake bayarwa, da muka kunna fitilar gaba kuwa sai ga shi ya zube ƙasa da 11. Ashe kwantak yana haƙuri da raggon batir, shi kuwa akwatin nan in wuta ta yi masa ƙasa rikicewa yake ya saki tartsatsi ba a kan lokaci ba, abin da ya ci min ƙafa ke nan. Sannan wayar da ya kamata ta kama jikin firam, ni da hannuna na ɗaure ta a kan fenti, fenti fa! Ya kankare wurin da sanfefa har ƙarfe ya fito fes ya mayar.

Saura taimin, wato daidai lokacin da fulogi ke sakin tartsatsi. Da ido na saita shi, na manta cewa nan babu bakin kwantak da za ka ga ya buɗe. Da ya haska fitilar taimin a kan maganeto, injin na sulo, sai ga alamar F da ke nuna lokacin wuta ta kauce wa layinta, wuta na riga lokacinta. Ɗan juya farantin saita taimin kawai ya yi, abin da bai kai faɗin farce ba, nan take muryar injin ta canza. Ya duba hular fulogi ma, ya sa na koma mai rizisto 5k don hayaniyar wutar fulogi na iya ruɗa akwatin. Kwayil, mai ƙara wa wutar fulogi ƙarfi, shi ne kaɗai ya tsira da mutuncinsa, awonsa ya dace da abin da takardar bayanin akwatin ta nema.

Yanzu da sabon batir mashin ɗin na tafiya sumul, ko da sanyin asuba ba ya gardama, kuma ban sake buɗe murfin gefen nan ba. Inda nake da ƙorafi takardar bayanin ce, zanen wayoyi ƙanana kamar sawun tururuwa, kuma ko layi ɗaya ba su rubuta a kan ƙarfin batir ba. Ga shi in akwatin ya mutu a hanya ba abin da sukundireba za ta yi maka, shi ya sa har yau tsohon kwantak ɗin da abokin aikinsa kwandansa (condenser) suna naɗe cikin tsumma a ƙarƙashin sit ɗina.