Bryant da Holliday: Matasa Biyu da Suka Haskaka a Atisayen Bazara Aka Mayar da Su Ƙasa

Ɗan'uwa, ka tambaya: me ya sa matashin ɗan wasan besbol zai yi ta ragargazar ƙwallo a atisayen bazara, amma ranar buɗe kaka a neme shi a jerin 'yan wasa a rasa? Zalunci ne ko kuwa masu ƙungiya sun ga abin da 'yan kallo ba su gani ba? Amsata ita ce duka biyun suna faruwa, kuma akwai yadda ake bambance su. Bari in jera maka mutum biyu: Kris Bryant na Chicago Cubs a 2015, da Jackson Holliday na Baltimore Orioles a 2024.

Da farko ka san me atisayen yake. Daga tsakiyar Fabrairu zuwa ƙarshen Maris, ƙungiyoyi 30 na babban lig ɗin Amurka suna rabuwa biyu, 15 a Florida, 15 a Arizona, suna wasannin share fage. Kusan kamar wasannin sada zumunta ne da ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa ke yi kafin kaka. Sakamakon ba ya shiga lissafi. Gogaggen mai jifa yakan shiga ne don ya gwada sabon salon jifa ko ya warware kafaɗa, ya yi zagaye biyu ko uku ya fita, sai a shigo da yaran da ba za su ko leƙa babban lig a shekarar ba. A Arizona kuma iska busasshiya ce, ƙwallo tana tafiya da nisa. Mai bugu yakan samu damar bugu 40 zuwa 60 ne a duk atisayen, alhali kaka wasa 162 ce, wanda ke buga ta kullum yakan tsaya bugu sau 600 ko fiye.

To, a wannan ɗan taƙin Bryant ya yi abin da ya girgiza kowa. A tsayuwa 40 ya samu bugu mai kyau 17, tara daga ciki hom-ron ne, wato ya fitar da ƙwallo bayan katanga. Babu wanda ya kai shi a atisayen shekarar. Holliday bai kai nan ba, amma shi ma ya yi rawar gani: bugu 14 a tsayuwa 45, hom-ron biyu. Dukansu an mayar da su Triple-A, matakin ƙarshe kafin babban lig, Bryant zuwa Iowa, Holliday zuwa Norfolk. Dukansu magoya baya sun yi ca a kan shugabannin ƙungiya. Daga nan kamannin ya ƙare.

Abin da ya kamata ka duba shi ne abin da kowannensu ya zo da shi kafin Fabrairu. Bryant yana da shekara 23, ya yi wasa a Jami'ar San Diego, Cubs suka ɗauke shi a matsayin zaɓi na biyu a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2013. A 2014 ya raba kaka tsakanin Triple-A da Double-A, matakin da ke ƙasa da shi, kusan rabi da rabi, ya buga hom-ron 43, fiye da kowa a ƙananan lig-lig. Wato tara ɗin nan na bazara ba su gaya wa kowa sabon labari ba, maimaici ne na abin da ya riga ya yi wata biyar cur a gaban masu jifa na gaske. Babu sauran darasin da Iowa za ta koya masa.

Holliday kuwa shekararsa 20. Daga sakandare aka ɗauke shi, zaɓi na farko a 2022, ɗa ne ga Matt Holliday, tsohon ɗan wasan Rockies da Cardinals. A 2023 ya buga a matakai huɗu na ƙananan lig-lig a kaka guda, abin yabo ne ƙwarai, amma wasa 18 kacal ya buga a Triple-A. Ga kuma canjin gurbi: shi mai tsaron tsakanin zango na biyu da na uku ne (zanguna su ne wuraren da mai bugu ke bi da gudu kafin ya zagayo ya ci maki), amma Gunnar Henderson ya riƙe wurin, don haka a bazarar yake koyon tsaron zango na biyu. Sannan a cikin tsayuwa 45 ɗin nan an fitar da shi da jifa uku, wato mai jifa ya kayar da shi bai samu bugun ƙwallon ba, har sau 15, kashi ɗaya cikin uku ke nan. Mu 'yan kallo 14 ɗin muka gani. Mike Elias, shugaban harkokin wasa na Orioles, ya kafa hujja da cewa yaron na buƙatar ƙarin gogewa a sabon gurbi da kuma gaban masu jifa da hagu.

Su ma Cubs sun ba da hujja irin wannan. Theo Epstein, shugaban harkokin wasa na Cubs a lokacin, ya ce Bryant na buƙatar gyara tsaronsa a zango na uku, aka bar wa Mike Olt gurbin. Hujjar iri ɗaya ce, amma kalanda ta tona asiri. A dokar lig, ɗan wasa na samun 'yancin zaɓar ƙungiyar da yake so bayan shekara shida na aiki, kuma sai ya yi kwana 172 a babbar ƙungiya ake lissafa masa shekara guda. Cubs sun kira Bryant ranar 17 ga Afrilu, bayan Olt ya samu karaya a wuyan hannu. Ya ƙare kakar da kwana 171. Kwana ɗaya tal ya rage, kuma wannan kwanan ya ba ƙungiyar ikon riƙe shi ƙarin shekara guda. Ƙungiyar 'yan wasa ta shigar da ƙara, aka yi ta ja har farkon 2020, mai shiga tsakani ya ba Cubs gaskiya. A takarda sun yi nasara. Ni dai har yau ban ga irin tsaron da ake gyarawa cikin mako biyu ba, kuma ya gyaru daidai ranar da lissafin kuɗi ya daidaita.

Orioles sun kira Holliday ranar 10 ga Afrilu, lokacin da har yanzu zai iya cike kwana 172 in ya zauna. Wannan kaɗai ya raunana zargin da aka yi musu na wasa da kalanda. Akwai ma dalilin da zai sa su so ya zauna: yarjejeniyar 2022 tsakanin lig da 'yan wasa ta kawo tukuici, ƙungiyar da ta ɗaga fitaccen matashi da wuri har ya cika shekara, in ya ci kyautar gwarzon sabon shiga, za ta samu ƙarin gurbin zaɓe a ɗaukar sababbin 'yan wasa. Seattle Mariners sun ci wannan moriyar da Julio Rodríguez a 2022. A zamanin Bryant babu wannan tsari, riba ɗaya ce, ta jinkiri.

Abin da ya biyo baya kowa ya gani. Bryant ya fara da ƙafar hagu, ranar farko an fitar da shi da jifa uku sau uku, amma ya ƙare da hom-ron 26, ya ci gwarzon sabon shiga ba hamayya. A 2016 ya zama gwarzon lig ɗinsu, Cubs suka ɗauki kofin da rabonsu da shi tun 1908. Holliday ya samu bugu biyu a tsayuwa 34, an fitar da shi sau 18, aka mayar da shi Norfolk kafin Afrilu ya ƙare. Raunin da ya leƙo a bazara shi ne ya fito fili. Ya dawo ranar 31 ga Yuli ya buga hom-ron ɗinsa na farko da mutum uku a kan zanguna, abin ya yi daɗi, amma duk da haka ya rufe kakar bai kai bugu ɗaya cikin biyar ba. Wannan bai nuna ba zai zama tauraro ba, yaro ne ɗan 20, lokacinsa ne bai yi ba a Maris ɗin.

Kada ka ɗauka daga nan cewa atisayen bazara wasan yara ne. Yana nuna abubuwan da ba sa buƙatar dogon lissafi: ko rauni ya warke, ko saurin jifar mutum ya ƙaru, ko zai iya sabon gurbi. Jackson Merrill na San Diego Padres a bazarar 2024 ya koyi tsaron tsakiyar fili, aka buɗe kaka da shi a can, kuma ya riƙe wurin. Haka nan idan mutum biyu suka yi kunnen doki a kan gurbi, bazara kan raba gardama, kamar yadda Yankees suka ba Anthony Volpe gurbi a kan Oswald Peraza a 2023. Abin da ba ta iya faɗa maka shi ne ko mai bugu zai jure wa manyan masu jifa idan suka daina gwaji suka fara neman rauninsa.

Don haka in ka ga an mayar da yaron ƙungiyarku, ka bar yawan hom-ron ɗin Maris a gefe. Duba wasa nawa ya buga a Double-A da Triple-A, sau nawa ake fitar da shi da jifa uku, kuma ko gurbin da za a sa shi nasa ne na asali. In duka ukun sun yi kyau kamar na Bryant, to ka ɗauko kalanda ka fara ƙirga kwanaki daga ranar buɗe kaka, ka ga ranar da za a kira shi.