Wane madubi zan saya in ina son gane ƙananan zanzaron nan masu kashe tsutsar gona?

Tambayar nan ɗaliban aikin gona da malaman gona ne suka fi yi min ita, musamman tun da tsutsar masara ta shigo Afirka a 2016 kowa ya koma neman abin da ke cinye ta a gona. Toh kafin ka ɓata kuɗinka ka fara sanin girman abin da kake nema tukuna. Habrobracon hebetor, wanda ake saki a gonakin gero a Nijar don ya kashe tsutsar zangarniya, shi ne ma babba a cikin ukun nan da zan fara da su, tsawonsa milimita 2 zuwa 3. Telenomus remus mai saka ƙwansa cikin ƙwan tsutsar masara kusan rabin milimita ne kawai, su Trichogramma kuwa wasu basu ma kai haka ba, in ka gan su a kan farar takarda sai ka ɗauka ƙura ce.

Gilashin hannu mai 10x ko 20x, wannan kam saya, ba ya da tsada kuma aljihu yake shiga. Amfaninsa a gona ne, ka ga ƙwan tsutsa ya yi baƙi kasan akwai zanzaro a ciki, ko ka ga ƴan fararen kwasfan Cotesia, wani zanzaron mai kashe tsutsa, a gefen gawar tsutsa. Iyakarsa kenan. Wanda ake maƙalawa a kyamarar waya shima haka, na ɗaukar hoto ne ka tura wa wani ya taya ka dubawa.

Sai wanda yafi jan hankalin mutane, ƙaramin maikroskop ɗin nan na USB da ake jonawa da kwamfuta ko waya, a jikin kwalin an rubuta 1000x ko 1600x. Gaskiya wannan lambar ta talla ce, hoton kawai ake faɗaɗawa a allo ba wai gilashin ne ke rarrabe ƙananan abubuwa ba, kuma ƙafar da yake tsayawa a kai rawa take, kana taɓa shi ƙwaron ya ɓace, fitilunsa kuma suna haske kai tsaye a jikin ƙwaron sai kaga wani farin ƙyalli a daidai inda kake son ka duba. Akwai masu kyau irin na Dino-Lite amma in ka kai kuɗin waɗannan ai gara ka ƙara kaɗan ka sayi na gaske. Don nuna wa manoma a allo dai ba laifi, yana burge mutane sosai.

Ni in za a bi ta tawa, madubi mai ido biyu da ake kira sitiriyo shi ne abin saye, wanda ake murɗa shi girman ya tashi daga 7x zuwa 45x. Dalili kuwa aikin gane dangin zanzaro duk ƙirge ne da juya ƙwaro. Kana son kasan ɗan dangin Braconidae ne ko na Ichneumonidae, jijiyar fiffike ɗaya zaka nema a fiffiken gaba, wadda ake kira 2m-cu, yawancin Ichneumonidae suna da ita, Braconidae kusan duk basu da ita. Kana son raba dangin Trichogrammatidae da na Eulophidae, gaɓoɓin ƙarshen ƙafa zaka ƙirga, na farko uku, na biyu huɗu, sauran da yawa biyar. Wannan sai da ido biyu da fili a ƙarƙashin gilashi inda allura ko ɗan buroshi zai shiga. Kar ka sayi mai girma biyu kacal, 20x da 40x, zai ishe ka kan Habrobracon amma kana zuwa kan ƙananan zaka fara jin haushi. In da hali ka haɗa da ƙarin gilashi na 2x da ake ɗaurawa a ƙasa, ya kai ka 90x, sai dai fa filin aikin zai ragu.

Sabo ko na hannu? Sababbi masu sauƙi irin AmScope suna aiki, ɗalibi zai gama bincikensa da su. Tsohon Olympus ko Leica ko Zeiss na hannu yakan fi su tsabtar gani, amma dan Allah kar ka biya sai ka leƙa da idonka. Ka sa gashi ɗaya a ƙasa ka murɗa daga ƙarami zuwa babba, in ka ga gashin ya rabu biyu ko kanka ya fara sarawa bayan minti kaɗan to idanun biyu sun goce, gyaransa kuma ba kowa ya iya ba. Ka haska tocila ta ƙasa ka duba ko akwai wani abu kamar yanar gizo-gizo a cikin gilashin, fumfuna ce, irin wadda ke kama kayan da suka daɗe a wuri mai laima. Bar musu kayansu.

Fitila ma kar ka raina ta, rabin aikin ita ce. Mai zobe tana zuwa da yawancinsu amma na fi son guda biyu masu lanƙwasa wuya, ka zagaye ƙwaron da ƴar farar takarda mai shara-shara hasken ya yi laushi sai zanen jikinsa ya fito. Kuma ka nemi LED mai aiki da batir ko fawa bank, mun san halin wuta. Da hunturu ka rufe shi da leda kullum saboda ƙura.

Babban maikroskop na gilashin silaid, mai 400x, shi ne nake cewa a dakata. Eh ana buƙatarsa, don Trichogramma ba a tabbatar da ainihin nau'insa ta hanyar kallo sai an jiƙa namijin an kwantar a silaid an duba al'aurarsa, amma wannan aikin gwani ne, sayen na'urar ba zai baka hannun ba. Gara ka nemi ɗakin gwaji na jami'a, ko ka tura samfur a yi masa gwajin DNA na gane nau'i, wanda ake kira COI. In haka zaka yi to ka ajiye wasu a itanol, wato tsantsar sifirit na ɗakin gwaji, mai ƙarfin 95 cikin ɗari ko sama, a firji, sauran na kallo kuma 70 zuwa 80 ya isa don kada su yi tauri su riƙa karyewa. Sifirit ɗin kemis mai kala ba na wannan aikin bane.

Ragowar kuɗin ka zuba a ƙananan kwalabe masu murfi, buroshi mai lamba 000, da fensir na rubuta wuri da rana da sunan tsutsar da ya fito daga cikinta, biro yana narkewa a itanol. Mabuɗan ganewa, wato jagororin da ake bi mataki-mataki a gane ƙwaro, ba sai ka saya ba, shafin WaspWeb na gidan tarihin Iziko a Afirka ta Kudu kyauta ne kuma kan zanzaron Afirka yake, da hotuna, data kawai zai ci maka.